Ruwa ya taru a cikina, ashe matsalar a wuya take

Ina da shekara 44 cikina ya fara tasowa. A lokacin autana yana aji uku na firamare, al'adata kuma dama ta rikice, wani watan ta zo kamar da bakin ƙwarya, wani watan shiru. Malamai mata a makarantar da nake koyarwa suka fara yi mini murmushin nan na "mun gane". Na yi gwajin fitsari, babu ciki. Na sake yi a wani wurin, babu. Gwaggona ta ce kwantacce ne, a ba shi lokaci zai tashi, ta kuma aiko da wani jiƙo a jarka. Surukata ba ta ce komai ba a gabana, amma na samu labarin ta kai sunana wurin wani malami, domin a ganinta cikin da ba ɗa a ciki ba ya rasa hannun mutum.

Kafin cikin akwai wasu abubuwa da suka daɗe tare da ni, waɗanda ban taɓa kawo cewa ciwo ɗaya ne ya haɗa su ba. A watan Afrilu na Kano, lokacin da kowa ke neman inda iska take, ni sai na ja bargo. Ina gyangyaɗi a ofishin malamai da littattafan yara a gabana. Bayan gida sai an sha fama. Fatata ta bushe ta yi furu-furu duk man kaɗanyar da nake shafawa, mai kitsona kuma ta ce gashina yana biyo matajinta fiye da da. Muryata ta yi kauri har wata rana ƙanwata ta kira waya ta ce, "Malam, ina wuni, ba ni Yaya." Duk wannan girma na ɗora wa, da gajiyar aiki.

Mai kemis ɗin unguwarmu ya danna ƙafata, ya ce kumburi ne, ya ba ni Lasix, maganin fitsarin nan da kowa ya sani. Na yi fitsari kam. Sai dai abin da ya biyo baya ƙishirwa ce da jiri, da ɗaurewar naman ƙafa cikin dare har sai na tashi Malam ya murza mini. Cikin ya ɗan saki, bayan 'yan kwanaki ya koma inda yake ya kuma wuce. A wani asibitin kuɗi aka yi mini hoton ciki, likitan ya juyo da allon ya nuna mini baƙin wuri ya ce duk wannan ruwa ne, hanji na iyo a ciki. Tunaninsa ya tafi kan hanta, kuma ban ga laifinsa ba, domin a ƙasar nan in aka ga babba da ruwa a ciki, hanta ake fara tuhuma, musamman saboda yawan ciwon hanta nau'in B. An gwada B da C, babu ko ɗaya. Hantar ma a hoto sumul take. Duk da haka ya ƙara mini wani maganin fitsarin, spironolactone, a kan Lasix, ya hana ni gishiri da magi, ya ce in dawo. Da na dawo zane ba ya zagaye ni, ruku'u ya gagara, sallah sai a zaune, in na kwanta rigingine numfashi ya tsaya mini a ƙirji. Sai ya rubuta mini takarda zuwa babban asibiti.

A can aka ba ni gado. Ranar da za a ɗebi ruwan, wani matashin likita ya sa na ɗan karkata, ya bubbuga cikin da yatsa har ya ji inda sautin ya dushe, can ƙasa ta gefen hagu. Ya goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya yi allurar kashe zafi, sannan ya soka wata allura mai roba. Ruwan da ya biyo sirinjin rawaya ne garai-garai, ba jini, ba mugunya. Ya cika 'yan kwalabe na gwaji, ya haɗa sauran da jaka a ƙasan gado. Ina kallo jakar tana cika, ina jin haƙarƙarina yana samun wuri. A daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Kafin mako ya zagayo ruwan ya fara dawowa.

Sakamakon ruwan ne ya raba kan likitoci. Furotin ɗin da ke cikinsa yana da yawa, ya haura giram 2.5 a kowace desilita, alhali ruwan da ciwon hanta ke tarawa yawanci tsararo ne, furotin kaɗan. Ruwa mai furotin da yawa yakan sa a yi tunanin tarin fuka na ciki, ko ciwon daji, ko gazawar zuciya. An yi gwajin GeneXpert, bai nuna tarin fuka ba, amma aka gaya mini cewa a ruwan ciki gwajin yakan kuskure ko da ciwon yana nan. Ba a ga ƙwayoyin daji ba. Sai kuma wani gwajin jini mai suna CA-125 ya fito sama sosai, wanda ake dangantawa da dajin ƙwan mace. Likitocin mata suka zo suka fara maganar buɗe ciki a duba. Likitocin ɗakinmu kuma suna maganar a fara mini maganin tarin fuka na wata shida a gani ko zan amsa. Malam ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Ni kuwa, abin da yake ba ni mamaki har yau, ko kuka ban yi ba. Ƙwaƙwalwata ta yi nauyin da ko tsoro sai a hankali yake isowa.

Ranar zagayen babbar likita aka warware. Mace ce mai 'yan shekaru, ba ta da yawan magana. Ƙaramin likita yana karanto mata fayil, ita kuma fuskata take kallo. Ta gaishe ni, na amsa, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Hajiya, haka muryarki take tun asali?"

Kafin in haɗa amsa Malam ya ce, "A'a, likita. Da siririya ce. Ta fi shekara biyu a haka."

Ta ce a ba ta katin shaidata na aiki. Ta dubi hoton, ta dubi ni. Ta shafa gefen girata inda gashin ya ƙare, ta riƙe hannuna ta ƙirga bugun jini, ta ce 52 a minti. Ta danna ƙaurina da babban yatsa, wurin bai lotsa sosai ba duk da kumburin. Sannan ta sa aka taimaka mini na durƙusa a kan kujera, ƙafafuna suna reto ta baya, ta ɗauki 'yar gudumar roba ta bugi agarar diddigena. Ƙafar ta zabura kamar ta kowa, amma komawarta sai a hankali, a hankali, har ɗaliban da ke bayanta suka matso suna leƙe. Ta sake bugawa don su gani. Ta tambaye ni ko na zubar da jini da yawa a haihuwata ta ƙarshe, ko nono ya ƙi zuwa, ko an taɓa yi mini aiki a wuya, ko ina shan maganin zuciya ko na tabin hankali. Duk na ce a'a. Ta ce a dakatar da maganar tiyata da ta maganin tarin fuka, a gwada tayirod.

Na ce, "Likita, ai ni ba ni da maƙoƙo."

Ta ce ba dole sai wuya ya kumbura ba. Tayirod ɗan nama ne a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, yana fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki gaba ɗaya: bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, har tunani. Yakan kumbura, yakan kuma ƙanƙance ya mutu shiru ba wanda ya gani. Akwai wani sinadari, TSH, da ƙwaƙwalwa ke aikawa don ta zaburar da shi. A mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4 ko kusa da haka. Nawa ya fito sama da 100, sinadarin tayirod ɗin kansa, T4, kuma ya kusa ƙarewa. Wani gwajin ya nuna garkuwar jikina ce ke cin naman, ciwon da ake kira Hashimoto, sunan likitan Japan da ya bayyana shi a 1912. Ya fi kama mata.

Yadda ta yi mini bayanin ruwan shi ne: in sinadarin ya yi ƙaranci na tsawon lokaci, ƙananan jijiyoyin jini sukan riƙa tsatsafa kamar sabon tulu, ruwa da furotin suna fita, hanyoyin da ke kwashe su su mayar cikin jini kuma sun yi sanyin aiki. Shi ya sa ruwan yake da furotin da yawa, shi ya sa kuma hoton zuciya ya nuna ɗan ruwa a jakar da ke kewaye da ita. Ta ce abin ba kasafai yake kai wa ga tara ruwa a ciki ba, ƙasa da mutum 4 cikin 100 na masu wannan ciwon, don haka ba ya zuwa ran likita da wuri. CA-125 ɗin da ya firgita mu kuwa, duk abin da ya dami fatar da ke lulluɓe da kayan ciki yana iya ɗaga shi, har ruwan kansa. Ta ce ba za ta rantse babu daji ba sai ta ga ruwan ya tafi kuma lambar ta sauka, amma ba za a yanka ni a wannan halin ba, domin mai irin wannan ƙarancin ba ya jure maganin barci na tiyata yadda ya kamata.

Ta ce Malam ya kawo duk abin da nake sha. Ya zazzage leda a kan gado, ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya.

Lasix ta fara ajiyewa gefe. Gishirin jinina, sodiyam, ya sauka ƙasa, kuma ƙarancin tayirod kansa yana saukar da shi, maganin fitsari yana ƙara jan shi ƙasa. Jirin da ɗaurewar ƙafar daga nan suke. Ta ce maganin yana matse ruwan da ke cikin jijiyoyi ne, na cikin ciki kuma bai damu ba tunda ɓular tana nan. Spironolactone ma ta janye shi a hankali, tana duba fotasiyam da aikin ƙoda. Ta ce in numfashi ya sake tsananta gara a sake ɗibar ruwan da allura a kan a ƙara ƙwayoyin. Dole in faɗi cewa wannan hukuncin nawa ne, bisa gwajin jinina. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata mai jego da zuciyarta ta gaza bayan haihuwa, ita Lasix ne ke riƙe da ranta, kuma wannan likitar ce ta ƙara mata shi a ranar.

Sai wata ƙwaya da nake sha in ciwon jiki ya hana ni sakat, tramadol, da wata ta barci da aka taɓa ba Malam. Nan fuskarta ta canza. Ta ce jikin da ya yi sanyi haka ba ya narkar da irin waɗannan da wuri, suna taruwa, suna iya danne numfashi su jefa mutum cikin doguwar suma, musamman in sanyin hunturu ko zazzaɓi ya haɗu da su. Ta ce farasitamol kawai. Jiƙon Gwaggo ta shinshina, ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, saboda haka a ajiye. Maganin tarin fuka da aka so fara mini, ta ce ɗaya daga cikinsu, rifampicin, yana sa hanta ta ƙona sinadarin tayirod da sauri, wato ɗan abin da ya rage mini ma da ya tafi, ga wahalar da zai ba hantar a banza. Kitsen jinina ya hau, ƙaramin likita ya rubuta maganinsa, ta soke. Ta ce yakan sauka da kansa in tayirod ya daidaita, kuma ba da shi yanzu yana iya jawo ciwon nama.

Kafin ta ba ni maganin da ya dace, sai da aka ɗebi jinina da sassafe aka auna wani sinadari mai suna kotisol. Garkuwar jikin da ta ci tayirod wani lokaci takan taɓa wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda masu fitar da kotisol ɗin, kuma in sun gaza aka fara maganin tayirod ba a gyara su ba, jini yana iya faɗuwa gaba ɗaya. Nawa ya fito lafiya.

Maganin shi ne levothyroxine. Da Sista ta kawo shi a murfin kwalba, Malam ya kalli ƙwayar, ya kalli cikina, ya ce, "Wannan ce za ta kwashe wannan?" 'Yar mitsitsiya ce, maikirogiram 50. Lissafin da ake yi wa babba mai lafiyar zuciya kusan maikirogiram 1.6 ne a kowane kilo na nauyin jiki, wanda a wurina zai kai wajen 100 in aka cire nauyin ruwan. Likita ta ƙi farawa da shi. Ta ce zuciyar da ta yi shekaru tana tafiyar hawainiya, ga ruwa a kewayenta, ba a tayar da ita da gudu. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ma daga 25 ake fara musu. Ta ce in na ji ƙirjina yana dukan uku-uku ko yana ciwo, kada in jira ranar kati. Gaskiya na ji haushi. Na ga kamar an gano ciwon ana kuma ja mini rai da maganin. Amma sinadarin yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya fita daga jiki, don haka kowane ƙari sai ya yi makonni kafin ya zauna, kuma ba a sake gwada TSH sai bayan mako 6 zuwa 8. A haka ake hawa, 25 bayan 25.

Mai ba da magani a tagar asibiti shi ya tsara mini yini, kuma na fi riƙe maganarsa fiye da ta kowa. Ya ga an rubuta mini maganin ƙarin jini, ya kuma tambaya ko ina shan na olsa, irin farin ruwan nan. Na ce ina sha. Ya ce ƙarfen da ke cikin maganin jini, da kalsiyam, da farin ruwan olsa, duk suna kama levothyroxine a hanji su hana shi shiga jini, dole a raba su da awa 4. Ya ce, "Hajiya, in kin tashi asuba, kafin alwala, ki sha shi da ruwa zalla. Kada shayi da madara ko koko su biyo baya sai an yi rabin awa zuwa awa ɗaya. Na jinin kuma ki bar shi sai azahar." Ya ƙara da cewa waken suya yana rage shigarsa, saboda haka awara ba da safe ba. Wannan ta yi mini ciwo, don awarar ƙofar makarantarmu ita ce karin kumallona.

Bayan an sallame ni, wata 'yar uwar Malam da ke Amurka ta kira ta ce akwai na asali, ba na kemikal ba, za ta aiko. Na kai sunan wurin likita, Armour Thyroid. Ta ce busasshen tayirod na alade ne ake niƙawa. Ko da an ajiye maganar addini, ta ce yana ɗauke da T3, nau'in sinadarin mai saurin aiki, fiye da yadda jikin ɗan Adam yake fitarwa, kuma shi ne abin da ba ta so zuciyata ta gamu da shi yanzu. Levothyroxine a masana'anta ake haɗa shi, daidai yake da T4 na jiki, jikin ne ke juya shi zuwa T3 gwargwadon buƙatarsa. Wata maƙwabciya kuma ta kawo ƙwayoyin aidin, tunda ta ji ana cewa rashinsa ke kawo maƙoƙo. Haka ne a inda ake rashinsa, amma ni ba shi na rasa ba, kuma yawansa yana ƙara dagula Hashimoto. Gishirin girki mai aidin ya wadatar.

Sauƙin bai fara daga ciki ba. Kumburin fuskata ne ya fara sauka, idanuna suka buɗe, sai fitsari ya ƙaru da kansa ba tare da Lasix ba. Bayan gida ya daidaita. Na fara jin zafin rana kamar sauran mutane, har na yi wa yara faɗa a kan kashe fanka. An ce in riƙa hawa sikeli da safe, in kuma auna cikin daidai cibiya da tef ɗin tela. Makonnin farko tef ɗin ya ƙi motsi har na fara zargin ko likitocin mata ne ke da gaskiya. An sake ɗibar ruwa sau ɗaya a tsakanin, kuma likita ta ce hanjin da ke cikin ruwa ba ya tsotsar magani sosai, in ƙara haƙuri. Bayan an kai ni 75 sai ya fara sauka, inci bayan inci, bai sake hawa ba. Cikin 'yan watanni hoto ya nuna babu ruwa a ciki, babu a jakar zuciya. CA-125 ya dawo daidai, likitocin mata suka rufe fayil ɗinsu. Kitsen jini ya sauka ba tare da magani ba. Gwaggo har yau tana cewa kwantaccen ne ya narke.

Yanzu ina kan 100, kuma an gaya mini ƙarara cewa har ƙarshen rai ne, domin naman da garkuwa ta cinye ba ya dawowa, in na daina, komai zai dawo har da ruwan. An kuma gargaɗe ni cewa al'ada ta daidaita, ciki na gaske yana iya shiga, in ya shiga in zo da wuri don buƙatar maganin tana ƙaruwa tun watannin farko. Ina ƙoƙarin tsayawa a kan samfuri ɗaya, Euthyrox nake samu, in ya yanke a kasuwa na sayi wani sai in faɗa wa likita a sake gwaji bayan mako shida. Zafi da laima suna rage masa ƙarfi, don haka ba na barin sa a jakar hannu ko kusa da murhu, yana cikin takardarsa a durowar ɗaki. Da azumi ya zo, likita ta ba ni zaɓi biyu: ko in sha lokacin kwanciya, awa uku bayan abincin ƙarshe, ko in tashi kafin sahur da aƙalla rabin awa. A gidanmu ana ci har bayan tarawihi, na farko ba zai yiwu ba. Tunda ni ce mai ɗumamen sahur, ina sha da zarar na tashi, kafin in kunna wuta, lokacin da abinci zai sauka rabin awar ta cika.